Kafin Damina Ta Sauka, Mu Yi Maganar Sharar Gidanmu

Waɗanda data ba ta bari sun saurara ba, ga shi a rubuce kamar yadda muka saba.

Yau maganar shara za mu yi. Na san wani zai ce, haba ɗan uwa, ana fama da tsadar abinci da rashin aikin yi, kai kuma shara ce ta dame ka? To ka ɗan yi haƙuri ka bi ni zuwa ƙarshe. Maganar nan ta shafi ɗakin da ruwa ke shiga duk watan Agusta, da akuyar mama da ta rame ta mutu ba a san dalili ba, da kuɗin maganin zazzaɓin cizon sauro da ake fitarwa duk damina. Ta shafi aljihu kai tsaye.

Mu fara da tambaya ɗaya. A gidan kakanninmu, me ake zubarwa?

Ku ɗan yi tunani. An surfa gero, dusa ta tafi wajen dabbobi. Ƙasarin da aka wanke hatsi da shi, tumaki ne ke sha. Tuwon da ya kwana ya zama ɗumame da safe, ƙanzon tukunya ma ba a zubarwa. Tokar murhu a tace ta a yi ruwan toka, ko a kai ta gona. Ɓawon gyaɗa, harawar wake, karan dawa, kowanne da inda yake zuwa. Cefane a kwando ko ƙwarya, ruwa a randa, abinci a akushi, goro a huhunsa na ganye. Abin da ya rage a juji kuwa, kashin dabbobi ne da toka da ganye da ƙurar tsakar gida, wato taki.

Kuma takin nan kuɗi ne. Shekara da shekaru manoman da ke kewaye da birnin Kano suna shigowa da jakunansu ɗauke da itace da amfanin gona, su koma da mangala cike da takin birni. Wani masani ɗan Ingila, Michael Mortimore, ya daɗe yana nazarin wannan yanki tun shekarun 1960, ya nuna yadda ake noma ƙasa ɗaya duk shekara ba a barin ta ta huta, kuma ba ta mutu ba. Taki na cikin manyan dalilan hakan. Birni na cin abincin ƙauye, ƙauye na cin sharar birni.

To me ya canza? Leda ta shigo.

Yanzu ka je kowace bola ka duba. Takin yana nan, amma ya cakuɗe da baƙar leda, da ledar fiya wata, da famfas ɗin jarirai, da fasassun kwalabe, da batir, wani lokacin har da allurar asibiti. Manomin da ya ɗauki wannan ya kai gona sai ya zauna yana tsince leda, abin da ya kuɓuce masa kuma ya zauna cikin ƙasa, domin leda ba ta ruɓewa kamar ganye. Rana tana farfasa ta ne kawai ta zama ƙanana-ƙanana, ta ci gaba da zama a wurin shekara da shekaru.

Wannan shi ne abin da nake so mu riƙe a shirin yau. Yawancin abin da muke kira shara yana da amfani, kuma akwai mai so. Cakuɗa shi wuri ɗaya ne ke lalata shi. Ragowar shinkafa da gwangwanin madara da ledar biredi, kowanne da hanyarsa, amma da zarar sun haɗu a bokiti ɗaya sun kwana biyu, sun zama ƙazantar da ba mai son taɓawa.

Bari mu ɗan yi lissafi, kowa ya kwatanta da gidansu. A ce gida mai mutum 10, kowa yana shan fiya wata 3 a rana, wanda a zafin watan Afrilu ma kaɗan ne. Leda 30 ke nan a rana, 900 a wata, kusan 11,000 a shekara. Gida ɗaya fa. Ba mu saka ledar koko da ƙosai da safe ba, ba mu saka wadda mai shago ke ƙulla sukarin naira ɗari a ciki ba, sannan ya sake saka ta cikin wata ledar. Yanzu ka ninka da gidajen layinku.

Ina duk wannan ke tafiya? Wurare uku ne.

Na farko kwata. Akwai wata ɗabi'a da kowa ya sani: da zarar hadari ya haɗu an fara yayyafi, sai a ce wa yaro, maza ɗauki bokitin shara ka juye a kwata ruwa ya tafi da ita. Ruwan kuwa ba ya ɓatar da ita, gaba kawai yake kai ta. Sai ta je ƙarƙashin kwalbati ta tsaya, wata ta zo ta tarar da ita, yashi ya hau kai, hanya ta toshe. Ruwa ya rasa inda zai bi sai ya shiga gidan wanda ke gangare, kuma sau da yawa gidan ƙasa ne. Duk wanda ya san Jakara a Kano ya san abin da take ɗauka. Kududdufan cikin birni da a da suke karɓar ruwan sama, da yawa an cike su da shara an yi gini a kai. Bayan ruwa ya janye kuma, wanda ya kwanta cikin kwata da gwangwanaye da tsofaffin tayoyi shi ne gidan sauro, shi ne kuma hanyar da ƙazanta ke bi ta shiga rijiya, a wayi gari da amai da gudawa a unguwa.

Ba mu kaɗai muka ga wannan ba. Ƙasar Bangaladash ta sha mummunar ambaliya a 1988 da 1998, aka gano leda ta toshe magudanan ruwan Dhaka, babban birninsu. A 2002 suka haramta siririyar leda, su ne ƙasa ta farko da ta yi haka a duniya. A Accra ta ƙasar Ghana, ranar 3 ga Yunin 2015, ruwa ya mamaye tsakiyar gari, mutane suka fake a wani gidan mai, man ya bi ruwan ya kama da wuta, mutum kusan 150 suka rasu. Cikin dalilan da aka lissafa har da magudanan da shara ta toshe. 'Yan uwanmu na Nima da sauran zangunan Accra ba su manta da wannan dare ba.

Wuri na biyu cikin dabbobinmu. Ku tambayi kowane mahauci abin da yake tararwa idan ya farke tumbin akuya ko saniyar da ta yi kiwo a cikin gari. Leda ce dunƙule, wani lokacin kamar an murɗa igiya. Dabba tana jin ƙanshin miya ko gishiri a jikin leda sai ta haɗiye. Ledar ba ta narkewa, ba ta fita, sai ta cika tumbi. Dabbar tana ganin ta ƙoshi alhali ba abin da ke shiga jikinta, ta yi ta ramewa har ta faɗi. Ga uwar da akuyarta ce asusunta, wadda za ta sayar idan kuɗin makaranta ya taso ko auren 'ya ya matso, wannan asara ce babba.

Wuri na uku huhunmu. Idan shara ta taru ba a kwashe ba, sai a cinna mata wuta, galibi da yamma lokacin da yara ke wasa a layi. Hayaƙin roba daban yake da na itace. Yana ɗauke da sinadarai masu guba, musamman idan akwai tsohon fayif, wayar lantarki ko taya a ciki. Masu asma da tsofaffi da jarirai su ne suka fi jin jiki. Ga kuma masu kunna gawayi da leda, har da masu hura wutar girki da ita saboda kananzir ya yi tsada. Don Allah mu daina wannan, ɗan tsinken kara ko takarda sun isa.

To, an ji matsala. Me mutum zai iya yi a gidan da ba shi ne mai gida ba, kuma ba kuɗi gare shi ba?

Abu na farko, a raba shara gida uku. Ba sai an sayi wani kwandon zamani ba. Tsohon bokiti ɗaya da buhunan shinkafa biyu sun wadatar.

Bokitin na abin da ke ruɓewa ne: ɓawon albasa da doya, ganyen shayi, ɓawon ƙwai, ruɓaɓɓen tumatir, toka, kashin kaji da awaki. In akwai dabbobi a gida ko a maƙwabta, su fara zaɓar nasu. Sauran a haƙa ɗan rami a gefen gida, in babu fili a samu tsohon durom a huhhuda shi. A zuba ɗanyen shara, a rufe da busasshen ganye ko ɗan ƙasa da toka, a yayyafa ruwa ya yi danshi kawai, kada ya jiƙe sharkaf. Duk mako ɗaya ko biyu a juya. Kada a saka nama, ƙashi ko mai, su ne ke kawo wari da ɓeraye. Cikin wata biyu zuwa uku zai koma baƙar ƙasa mai ƙanshi irin na ƙasar da ruwan fari ya daka. Ka shuka alayyahu, zogale ko tattasai a buhu da shi, ko ka ba mai lambu. Da tsadar takin zamani a yanzu, ba mai lambun da zai ƙi karɓa.

Buhu na farko na abin da ake saye ne: gwangwani, ƙarfe, robar lemo, fasasshen bokiti, tsofaffin silifas, kwali. Nan ina so mu yi wa wasu mutane adalci. 'Yan gwangwan da 'yan jari-bola, waɗanda ake kallo a wulaƙance, su ne ke yin aikin sake sarrafa shara a ƙasar nan tun kafin mu fara jin sunansa a taron ƙara wa juna sani. Gwangwanin lemo da suka tara, shi ake narkawa a zuba tukwanen da muke girki da su. Tsohuwar roba a niƙa ta a yi buta da bokiti. Taya ta zama guga da takalmi. Robar lemo ta koma hannun masu zoɓo da kunun aya. Idan ka ware musu kayan nan tun daga gida, a bushe, ka rage wa wani yaro tona bola da hannu cikin fasassun kwalabe, kai ma ka samu na kati. Na san akwai ƙorafi a kan ɓata-garin da ke fakewa da sana'ar suna sata. Maganin wannan shi ne ku san mutum ɗaya da kuka yarda da shi, ya riƙa zuwa ranar da kuka tsayar.

Buhu na biyu na leda ne. A tara ta a bushe, a danna, a ɗaure baki. Ledar fiya wata musamman, akwai masu saye da kilo a manyan garuruwa, ku tambayi ɗan gwangwan ɗinku. Ko ba a samu mai saye ba, ledar da ke ɗaure cikin buhu ba za ta shiga kwata ba, akuya ba za ta ci ba.

Akwai 'yan abubuwan da ba sa shiga ko ɗaya cikin ukun nan. Batir, musamman manyan na sola da na mota, dalma ce a cikinsu. Mun ga abin da gubar dalma ta yi a Zamfara a 2010, inda ɗaruruwan yara suka rasu, duk da cewa can daga haƙar zinare ta fito. Kada a fasa batir a gida, kada a bar yara su yi wasa da shi, a mayar wa masu sayarwa su karɓa a yi musanya. Robar maganin ƙwari ko na feshin gona kuma kada a zuba ruwa ko mai a ciki komai wankin da aka yi mata. A huda ta yadda ba wanda zai ɗauka ya yi amfani da ita.

Abu na biyu, wanda ya fi rabawar ma muhimmanci, a rage abin da ke shigowa. Rigakafi ya fi magani. Ƙungiyar OECD ta ƙiyasta cewa kashi 9 cikin 100 kacal na sharar roba a duniya ake sake sarrafawa. Ke nan ledar da ba ka karɓa ba ita ce ka tabbata ba za ta dame ka ba.

Idan an aike ka shago sayen magi da ashana, ka ce a bar ledar, aljihu ya isa. Idan cefane ne, a tafi da jaka ko kwando. Koko da waina da awara, a tafi da kwano mai murfi ko kula, kamar yadda ake yi kafin a haife mu. Abinci mai zafi da mai a cikin leda ma ba alheri ba ne ga jiki, zafi na sa sinadaran roba su shiga abinci. 'Yan uwa mata masu sana'ar abinci ta intanet, ku gwada yi wa wanda ya kawo mazubinsa ɗan ragi. Kuɗin robar da za ki saya ne kika raba da shi, ba ki yi asarar komai ba.

Maganar fiya wata kuwa sai mun yi gaskiya. Ba don gayu mutane ke sha ba, famfo ne ba ya kawo ruwa, wanda 'yan garuwa ke kawowa kuma ba kowa ya yarda da shi ba. Ba zan ce wa kowa ya sha ruwan da zai kwantar da shi ba. Amma a cikin gida akwai zaɓi: a tafasa a zuba a randa mai murfi da moɗa ɗaya, ko a saka maganin tsaftace ruwa da ake sayarwa a kemis bisa ƙa'idar da aka rubuta a jiki, ko gidan da ke da hali ya koma babbar gorar da ake mayarwa a sake cikawa. Mai fita makaranta ko aiki ya riƙe gorarsa. A bar fiya wata sai inda ba makawa.

Sai abinci. Rahoton hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2024 ya ce a shekarar 2022 an zubar da abinci sama da tan biliyan 1 a duniya, kuma kashi 60 cikin 100 daga gidaje ya fito. Wani zai ce ai wannan Turawa ne. Ku je bayan ɗakin taro washegarin biki ku gani. Ku duba kwandon shara a goman farko na azumi, lokacin da ake girka kala biyar a ci biyu. Ana haka maƙwabci bai ɗora tukunya ba, almajiri na bakin ƙofa. A auna kafin a dafa. Abin da ya rage a bayar da shi tun yana da ɗumi, kada a jira ya yi tsami. Tumatir da tattasai idan sun yi arha a yanka a shanya, iyayenmu sun san kauɗa tun kafin firji.

Yanzu ga tambayar da na san tana zuwa: wannan duk ba aikin gwamnati ba ne?

Akwai nata, kuma babba ne. Mutum ba zai tara shara a buhu har abada ba, dole a samu wurin kaiwa da motar kwashewa. A Kano aikin hukumar REMASAB ne, sauran jihohi ma kowacce da tata hukumar. A matakin tarayya akwai NESREA da aka kafa a 2007, wadda ke da tsarin da ya ɗora wa kamfanoni alhakin sharar kayan da suka ƙera. Wasu ƙasashen sun yi nisa. Ruwanda ta hana leda a 2008. Kenya ta biyo baya a 2017 da hukunci mai tsanani, har ɗaurin shekara 4. Jihar Legas ta hana farar robar zuba abinci mai kama da soso a Janairun 2024. Jamhuriyar Nijar ma ta yi dokar hana siririyar leda tun 2014, amma duk wanda ya shiga kasuwar Maraɗi ko Damagaram zai ga leda na nan. Wannan ya nuna mana cewa doka a takarda ba ta isa ba sai an aiwatar, sai kuma an sama wa mai koko abin da za ta zuba kokonta a ciki da kuɗin da za ta iya biya.

Saboda haka mu riƙe biyun tare. Ka gyara na gida, sannan ka tambayi na sama. Ka san sunan kansilan mazaɓarku? Ku haɗu ku biyar ku je wajen mai unguwa, ku rubuta takarda, ku ɗauki hoton bolar da kwanan wata, ku kai ƙaramar hukuma. Ku saka a Facebook da ladabi, da sunan layi, da tsawon lokacin da ta yi ba a kwashe ba. In an kwashe ku dawo ku faɗa, domin wanda ya yi aiki ya san ana gani.

Game da yasar kwata da matasa ke yi, Allah ya saka da alheri, amma akwai gyara ɗaya. Sau da yawa ana fito da dagwalon a tara a bakin kwatar, a ɗauki hoto, a watse. Ruwan farko sai ya mayar da shi inda ya fito. Kafin ku saka shebur, ku tabbatar da motar ko kurar da za ta kwashe. Ku saka safar hannu da takalmin roba, akwai kwalba da ƙusa a ciki. Kuma ku yi tun watan Afrilu ko Mayu. Inda ake tsaftar muhalli ta Asabar ɗin ƙarshen wata, kamar Kano, wannan safiyar da aka hana zirga-zirga ta fi dacewa da aikin, maimakon a mayar da ita ta ƙarin barci.

Kalma ɗaya ga samari. A yawancin gidajenmu shara na hannun mata da ƙananan yara. Mama ke sharewa, ƙani ke kaiwa bola. Idan ka shigo da sabon tsari ka tsaya kana ba da umarni kamar wani jami'in duba-gari, ba zai kwana uku ba. Kai za ka nemo buhunan, kai za ka haƙa ramin, kai za ka kira ɗan gwangwan. Kuɗin da aka samu ka miƙa wa mama ko ka raba wa ƙannen da suka tara. Ka zauna da kaka ka tambaye ta yadda suke yi a da, za ka sha mamakin abin da ta sani.

Ga aikin wannan mako. Kwana 7, ku tara duk ledar da ta shigo gidanku a buhu ɗaya, kada a zubar da ko ɗaya. Ranar ta bakwai ku zazzage ku ƙirga, ku ga wacce ta fi yawa: ta ruwa ce, ta shago ce, ko ta abinci. Wadda ta fi yawa, da ita za ku fara. Ku turo mana adadin da sunan garinku, za mu karanta a shiri na gaba, inda za mu tattauna yadda matashi zai mayar da tara roba sana'a da ɗan ƙaramin jari.

Wanda ya ji ya amfana ya tura wa zauren unguwarsu na WhatsApp. Allah ya kawo mana damina mai albarka, ya tsare mu daga ambaliya. Sai mun sake haɗuwa, wassalamu alaikum.